Digiri na biyu a injiniyancin sadarwa a Jamus

Malam, ka ce ka kammala injiniyancin lantarki a nan Sakkwato, kana tambayar ta inda za ka fara. Jami'o'in Jamus sukan fara duba darussan da ka ci, musamman lissafi da nazarin sigina, saboda haka ka nemi takardar sakamakonka tun yanzu; ni tawa sai da na yi wata uku ina zarya cikin zafin bazara kafin ta fito. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, amma biza tana buƙatar shaidar kuɗin zaman shekara guda, Yuro 11,904 a 2025. Kada ka miƙa kuɗinka ga dillali. Ka duba shafin intanet na DAAD, wato hukumar Jamus mai kula da musayar ɗalibai da malaman jami'a tsakaninta da sauran ƙasashe, sannan ka tabbatar da sharuɗɗan biza daga ofishin jakadancin Jamus.