Faranti 30 kike shukawa, wa ya ce miki zai saya?

Wata baiwar Allah daga unguwar Nima a Accra ta aiko mini da tambaya. Wata huɗu ke nan tana shuka ƙananan tsiron ganyen nan da ake kira maikurogirin a barandar gidansu, tun da ta ga bidiyon wani Ba'amurke yana cewa sana'ar ta azurta shi. Duk sati faranti 30 take shukawa, da kyar takwas ke fita. Yanzu tana so ta kwashi kuɗin susu, wato adashe, sidi 5,000, ta sayi firji da fitilu.

Ƙanwata, kada ki taɓa kuɗin nan. Matsalarki ba rashin firji ba ce. Kina shuka ne ba ki san wanda zai saya ba, alhali hajar nan ba ta jira. Daga shuka zuwa yanka sati ɗaya zuwa uku ne, ya danganta da irin. Da ganyen farko guda biyu sun buɗe, kwanaki kaɗan gare ki. Suna wucewa kara ya yi tsawo ya kwanta, ga zafi da laimar Accra, fumfuna ta hau. Kuma yawancinsu in an yanke ba sa sake tohowa.

Mu yi lissafi ko da na kintace ne. A ce kowane faranti na cin sidi 15 tsakanin iri, garin ɓawon kwakwa da ruwa. Ashirin da biyu na lalacewa, sidi 330 ke nan a sati. A sati 16 kin zubar da fiye da kuɗin da kike shirin kwasowa. Firji zai adana miki asarar ne kawai, in ma dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ta bar shi ya yi aiki.

Wa ke cin wannan ganyen? Ba matar da ta fito kasuwar Nima neman ayoyo na miyar tuwo ba. Masu dafa abinci ne a gidajen abincin Osu, East Legon da Cantonments, su ma ɗan tsunkule suke ɗorawa a kan abinci don ado. Ki ɗauki faranti biyu, na alayyafo da na kabeji, ki bi ta ƙofar kicin wajen ƙarfe uku, lokacin da aiki ya lafa. Wanda ya ce yana so, ki tambaye shi: nawa a sati, wace rana? Ki rubuta. Daga ranar kaiwa sai ki ƙirga baya ki shuka, ki ɗora faranti biyu ko uku saboda tsautsayi.

Ni ma abin ya taɓa cina da latas. Na dogara da kuku ɗaya a wani gidan abinci, ya bar aiki ba sallama, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba. Buhu biyu awakin maƙwabta suka cinye. Don haka ki nemi masu saye uku aƙalla.

Kuma ki sayar da farantin da ransa, shi ne zai raba ki da firji. Ki nuna musu su ajiye shi wurin haske da iska, su zuba ruwa ta ƙasa kada ya jiƙa ganye, su yanka da almakashi sama da ƙasar kaɗan, iya abin da za su ci. Farin gashin da ke manne da saiwa ba fumfuna ba ne, da ya ji ruwa zai kwanta. Fumfuna kamar yanar gizo take hawa, ga wari. Ki karɓi kuɗin jingina a kan kowane faranti, in ba haka ba rabinsu ba za su dawo ba.

Ba ki faɗa mini inda kike sayen iri ba. In mai launin ja ko kore ne daga shagon kayan noma, magani aka shafa masa, ba na wannan aikin ba ne. Tumatir, barkono da gauta kuwa ba a cin tsironsu.

Satin nan ki shuka goma kacal. In kin samu mutum uku da suka tsayar miki da rana, ki sake rubuto mini.