Ku Tambaya Mu Amsa: Aikin Midiya na GCSE, Wa Ya Kamata Ya Riƙe Kyamarar?

Wasiƙun wannan makon daga 'yan uwanmu mazauna Ingila suka zo, kuma duk akan abu ɗaya suke, wato aikin hannu da ake ba yara 'yan sakandire masu darasin nazarin kafafen yaɗa labarai, wanda yaran ke ce ma midiya, a matakin GCSE, wato jarabawar da ake yi a ƙarshen aji 11.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce muna zaune a Birmingham shekara huɗu kenan. 'Yata tana aji 10 ta ɗauki midiya cikin darussanta na GCSE, tun farko babanta bai so ba yace kallon talabijin ne kawai aka mayar karatu, toh yanzu kuma ta dawo da wata takarda wai an basu aiki zata haɗa bangon mujalla da shafin ciki kuma makin zai shiga sakamakonta na ƙarshe. Kullum tana cikin ɗaukar ƙannenta hoto da waya, ni dai banga kyan hotunan ba. Akwai ɗan yayata anan garin sana'arsa kenan ɗaukar hoton biki yana da babbar kyamara, yace in kawo masa takardar ya haɗa mata komai cikin kwana biyu, ita kuma ta ƙi har da kukanta. Dan Allah aikin nan yana da muhimmanci har haka, kuma laifi ne in yayanta ya yi mata?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Yarinyar nan ita ce da gaskiya, ki share mata hawaye ki barta da aikinta. Nasan niyyarki mai kyau ce, amma in yayanta ya haɗa mata gyaran gangar Auzinawa za a yi.

Aikin da kike gani shi ne kashi 30 cikin 100 na duka makin darasin, sauran kashi 70 ɗin jarabawa biyu ce a rubuce da zata zauna ƙarshen aji 11. Haka tsarin yake tun da aka sabunta manhajar aka fara koyar da ita a 2017, aka yi jarabawar farko a 2019, a da can ma aikin hannun ya fi haka yawa sai aka rage shi. Hukumomin jarabawa uku ne ke shirya darasin a Ingila, AQA da Eduqas da OCR, makaranta ce ke zaɓar wadda zata bi, dan haka abu na farko ki tambayeta ta wacce hukuma ce tasu, domin kowacce da nata ƙa'idojin. Takardar da ta kawo gida hukumar ce ke fitar da ita duk shekara, ana canza ta, a ciki an faɗi me za a haɗa, da su wa ake so abin ya ja hankalinsu, da hotuna nawa dole ta ɗauka da kanta. Ki zauna ku karanta ta tare, ko ta karanta miki, zaki ga ba wasa bane.

Kinga dokar a fili take: aikin na mutum ɗaya ne. Ƙannenta zasu iya tsayawa a ɗauke su hoto, wani zai iya riƙe mata fitila, har kyamarar ma an yarda wani ya riƙe in dai ita ce ke faɗin a tsaya nan, a karkato haka, a danna yanzu, kuma ta rubuta a takardar da ake haɗawa da aikin cewa wane ya taimaka da kaza. Amma zaɓen hoto da gyara shi a kwamfuta da jera rubutu da launi duk sai da hannunta. A ƙarshe zata sa hannu cewa aikin nata ne, malamarta ma zata sa hannu, kuma malamar nan tana ganin aikin tun yana ɗanye mako bayan mako, ta san iya inda hannun ɗalibarta ya kai, ranar da aka kawo mata bango mai ƙyalli irin na gidan hoto tambaya biyu zata yi ta gane. In an gano bayan an sa hannu dole makaranta ta kai rahoto hukumar jarabawa, daga nan ana iya soke makin aikin gaba ɗaya, ana iya soke darasin ma. Wallahi ina jin zafin irin wannan, yarinya ta yi shekara biyu tana wahala a zo a rasa saboda taimakon kwana biyu.

Sannan batun kyan hoto da kika ce, ba kyau tsagwaronsa ake bawa maki ba. A wajen AQA da Eduqas aikin maki 60 ne, 10 daga ciki na ɗan gajeren bayanin niyya ne da zata rubuta, kalma 300 in AQA ce, kusan 250 in Eduqas ce, inda zata faɗi abin da take son yi da dalili. Sauran makin ana duba ko ta cika abin da takardar ta nema, da ko duk abin da ta saka akwai ma'anar da yake isarwa. Misali in ta sa ƙanwarta ta kalli kyamara ido cikin ido maimakon ta sunkuyar da kai, me take son mai karatu ya ji game da yarinyar? In ta ɗauki hoton daga ƙasa har mutum ya fito da kwarjini, da gangan ta yi? Me ya sa jan launi a sunan mujallar, me ya sa wannan kanun ya fi sauran girma? Mai hoton biki zai fito da amarya fes, amma shi bai zauna ajin da aka koyar da yadda mujalla ke kama mai saye daga kan kantar shago ba, ita kuwa ta zauna. Wayar zamani ta isa in akwai haske mai kyau, ku gwada kusa da taga da hantsi.

Ga inda zaki taimaka da gaske kuma babu laifi. Ki fito mata da atamfa da mayafi da ɗankunne in tana so, ki rarrashi ƙannen su tsaya, ki rakata wurin da take son ɗaukar hoton. In takardar ta bada dama, babu abin da zai hana ta yi mujallar kwalliya da ta fito da lalle da ɗaurin ɗankwali, ai ɗaya daga cikin ginshiƙai huɗu na darasin shi ne yadda kafafen labarai ke nuna mutane, su wa ake nunawa, su wa ake mantawa, kuma ta yaya. Yarinya Bahaushiya mai hijabi da ta tashi a Birmingham tana da abin cewa anan fiye da yadda take zato. Rubutun dai da Turanci zata yi tunda da shi ake dubawa. Yayanta kuma in yana son alheri ya zaunar da ita ya nuna mata yadda haske yake aiki akan fuska da wasu hotuna daban da ba na aikin ba, wannan koyarwa ce.

Baban kuma ki ce masa ya ɗauki littafinta ya duba, sauran ginshiƙan uku su ne yaren hoto da sauti, da yadda kamfanonin labarai ke samun kuɗi da wa ya mallake su, da kuma masu kallo da sauraro. Yaran da suke kwana da waya a hannu ina ganin suna buƙatar sanin wannan.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni ina aji 11 a Leeds, bidiyon waƙa na haɗa na kwashe wajen wata uku akai, malaminmu ya bani 38 cikin 60 alhali wani abokina da nake ganin nashi bai kai nawa ba ya samu sama da haka. Raina ya ɓaci sosai. Shikenan an gama ko akwai abin da zan iya yi?

AMSA: Lafiya lau ɗana. Ba a gama ba, amma ka yi sauri. Dokar haɗaɗɗiyar majalisar hukumomin jarabawa, JCQ, ta wajabta wa makaranta ta faɗa maka makinka kafin ta tura, kuma ta baka damar neman a sake dubawa. Makarantu suna tura maki a watan Mayu, kwanakin da ake bayarwa na ƙorafi kaɗan ne, dan haka gobe ka je wajen jami'in jarabawa na makarantarku ka nemi takardar ma'aunin maki da kwafin abin da malamin ya rubuta akan aikinka. Ka zauna ka bi ta layi layi tsakaninka da Allah. Ƙorafin da ake saurara shi ne ka nuna ga inda ma'auni yace kaza kuma ga shi na yi a minti kaza na bidiyon amma ba a bani ba. Cewa na sha wahala ko na fi wane ba ya shiga, aikin abokinka ma ka cire shi daga lissafi. Wani daban da bai sa hannu a makin farko ba shi zai duba, kuma ka sani makin zai iya hawa, zai iya tsayawa, zai iya sauka.

Abu ɗaya da nake yawan gani a irin wannan, yaro ya zuba ƙarfinsa a gyaran bidiyo ya manta wani sharaɗi ƙarami da takardar ta gindaya, kamar tsawon minti ko yawan wuraren da za a ɗauka, ko bayanin niyyarsa ya faɗi abu ɗaya bidiyon ya nuna wani. Ka fara duba nan. Bayan haka ma makin malami ba shi ne na ƙarshe ba, hukumar tana karɓar samfurin ayyukan makarantar ta ba nata mai tantancewa, in ta ga malamin ya tsaurara ko ya sassauta da yawa tana iya gyara makin ɗaliban duka. Kuma 38 ba daraja bace tukuna, sai an haɗa da jarabawa biyun sannan a yanke iyakar darajoji daga 9, wadda ita ce mafi girma, zuwa 1, sakamako ya fito a Agusta. Kashi 70 na nan gabanka, karka bari ɓacin rai ya cinye maka makonnin bita.

TAMBAYA: Anti ni matsalata rubutu, Turancina bai zauna sosai ba shekara biyu kenan da zuwanmu daga Zinder. Zan iya sa ChatGPT ya rubuta min bayanin niyyar sai in gyara?

AMSA: A'a 'yata, kar ki yi. Tun 2023 JCQ ta fitar da ƙa'ida akan haka: in kin yi amfani da irin waɗannan manhajoji dole ki faɗi sunanta da ranar, ki ajiye hoton abin da kika tambaya da amsar da ta baki, kuma abin da ba daga kanki ya fito ba babu makinsa, in kuma kika ɓoye ya zama maguɗi. Bayanin nan gajere ne, ba adabi ake nema ba. Ki fara faɗinsa da baki da Hausa ko Faransanci kina naɗa a waya, zan sa kaza saboda kaza, masu kallona su ne kaza, sai ki mayar da shi Turanci jimla jimla da kalmomin da aka koya muku a aji. Malamarki ba zata gyara miki layi layi ba, doka ta hanata, amma zata iya gaya miki a dunƙule ko kin taɓo abin da ake nema, ki kai mata da wuri tun kafin ki fara ɗaukar hoto.