Me ya sa Turai ke yawan korar jami'an jakadancin Rasha?

Malam, ka tambaya ko korar nan siyasa ce kawai. A ganina ta wuce siyasa. Da yawan 'yan leƙen asiri suna fakewa ne da rigar diflomasiyya, domin yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta ba jami'in jakadanci kariya daga kamu da shari'a. Abin da ƙasa za ta iya yi shi ne ta ce ya tattara nasa ya nasa ya fice, ba sai ta faɗi dalili ba.

Ka duba abin da ya faru a garin Salisbury na Ingila a watan Maris na 2018. An sa wa Sergei Skripal, tsohon jami'in leƙen asirin sojan Rasha da ya yi wa Birtaniya aiki, gubar Novichok, shi da 'yarsa. Sun rayu. Amma bayan 'yan watanni wata baiwar Allah da ba ruwanta ta fesa gubar daga kwalbar turare da aka yar, ta rasu. Wannan ya daɗe yana taɓa ni.

Birtaniya ta zargi Rasha da sa wa Skripal gubar, ta kori jami'an Rasha 23, ƙawayenta suka bi sahu. Rasha ta musanta zargin, ta kuma rama da korar jami'an Birtaniya 23.