Tabaran da ke rage gudun matsalar hangen nesa

Hajiya, kin ce 'yarki ba ta hango allo a makarantarsu a Garwa, duk shekara sai an ƙara mata ƙarfin tabarau, ko akwai mai tsayar da abin?

Tsayarwa dai babu, amma akwai mai rage gudunsa. Abin da ke jawo shi, ƙwayar idon ce ke ƙara tsawo. Gilashin MiYOSMART na kamfanin Hoya, tsakiyarsa ke gyara gani, kewayensa kuwa ɗaruruwan ƙananan ɗigo ne masu tara haske kafin ya isa bangon bayan ido, sai ƙarin tsawon ya lafa. A gwajin shekara 2 kan yaran Hong Kong, ya rage ƙaruwar matsalar da kusan rabi.

Akwai tsada, kuma sai an sa kullum. Don Allah ki kai ta likitan ido, ban da na kasuwa. Ta riƙa wasa a waje awa 2 kullum, ko a inuwa ne.