Tambayoyinku: Shin Mariana ta wasan Meziko mai gabatar da shiri ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Rayfield. Har yau mahaifiyata tana zancen Mariana ta wasan Meziko da aka nuna a Najeriya da sunan The Rich Also Cry. An ce matar tana gabatar da shiri ma. Haka ne? Kuma ana iya haɗa gabatarwa da fitowa a fim ba tare da ɗaya ya ɓata ɗaya ba?
Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Haka ne. Sunanta Verónica Castro, an haife ta a birnin Meziko a 1952. Kamfanin Televisa ne ya shirya wasan a 1979 da harshen Sifaniyanci, don haka muryar da Mama ta ji ba tata ba ce, ta Turanci ce da aka ɗora daga baya. Wasan ya kai har Rasha, inda ya yi farin jinin da ya sa ta ziyarci Mosko a 1992. Ta fito a finafinai tun a shekarun 1970, sannan a 1988 ta riƙe wani shirin dare na kai tsaye, inda hirarta da mawaƙi Juan Gabriel ta kai su har asuba. A 2018 ta dawo a wani wasa na Netflix.

Ana iya haɗawa, amma sana'a biyu ce, kuma inda suka fara rabuwa shi ne ido. Mai gabatarwa cikin idon kyamara take kallo, da mutumin da ke zaune a ɗakinsa take magana. A fim kuwa, da zarar idonki ya faɗa kan kyamara an ɓata ɗaukar. Wadda ta saba da gabatarwa takan saci kallon kyamara ba ta sani ba, musamman a ƙarshen jimla, domin nan ta saba neman alamar mai kula da dandali, wato mai tsayawa gefen kyamara yana ba mai gabatarwa umarni da hannu. Maganinsa atisaye. Ki kafa waya tana ɗaukar bidiyo, ki yi magana ta minti ɗaya kina kallon ta. Sai ki zaunar da ƙawarki kamar taƙi ɗaya daga gefen wayar, ki maimaita maganar gare ta. Ki kalli hotunan biyu ba sauti, ki ƙirga sau nawa idonki ya zame.

Sai murya. Gabatarwa tana koya wa mutum ɗaga murya da fitar da kowane harafi. A fim makirufo yana maƙale a ƙirjinki ko yana rataye bisa kanki, ko raɗa kika yi zai ɗauka. Idan kika zo da muryar labarai, uwa mai lallashin ɗanta sai ta koma kamar mai karanta sanarwa.

Akwai abin da ya sauƙaƙa wa Castro. A Televisa ana ɗaukar wasa da kyamarori da yawa a lokaci guda, kamar shirin hira, kuma 'yan wasa suna sa ƙaramar na'ura a kunne ana karanto musu kalmominsu. A ganinmu kada ki kwaikwayi wannan: mai jiran a faɗa mata magana idonta mutuwa yake yi, amsarta kuma ta makara. A yawancin finafinanmu kyamara ɗaya ce, a ɗauki fage daga nesa, a sake daga kusa. Dole ki haddace, ki kuma tuna da wane hannu kika ɗauki kofi, a kan wace kalma kika gyara mayafi, in ba haka ba mai tace hoto ba zai iya haɗa gaɓoɓin ba.

Shirin kai tsaye ba shi da "a sake". Ki shiga da tambayoyi goma, ki sa ran biyar za ki yi, sauran daga bakin baƙonki za su fito in kina saurare. Ki guji tambayar da "e" ko "a'a" zai kashe. Ƙa'idar kalma uku a daƙiƙa da ake koyarwa don Turanci aka yi ta. Rubutunki na Hausa ki karanta shi a fili da agogo a hannu kafin ki shiga ɗakin watsa shiri.