Dalilin dusashewar hoto da batun auna motsi

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa hotunan masunta da ka ɗauka a Argungu suke dusashewa idan ka sa manhaja ta share ɗigo-ɗigon da ke ɓata su. Manhajarka tana bin lissafin yaɗuwar zafi ne, wanda yake baza haske ko'ina daidai, har bakin gora da zaren homa su saje da ruwa. Masu bincike biyu, Perona da Malik, sun magance wannan a 1990, inda suka rage yaɗuwar a duk wurin da haske ya sauya farat ɗaya.

Game da auna motsin kwalekwale a jerin hotuna kuwa, hanyar auna motsi da masu bincike Horn da Schunck suka fitar a 1981 tana ɗauka cewa hasken kowane ɗan wuri a jikin abin da ke motsi ba ya canzawa daga hoto zuwa hoto, shi ya sa ƙyallin rana a kan ruwa yake ruɗa ta. Ni dai da sassafe nake ɗaukar hotunan don guje wa wannan ƙyallin.