Kafin ka sayar da riɗinka ka sayo PS5

Wani matashi ya rubuto mini daga wani ƙauye a hanyar Gumel zuwa Maigatari. Yana da gidan gem, ɗaki ɗaya, na'urar wasan bidiyo ta PS4 guda biyu, talabijin biyu da ƙaramin janareta. Wasan ƙwallo ne kasuwarsa, yana karɓar N200 a kan kowane wasa na minti goma. Ya ce samarin da ke dawowa hutu daga Dutse da Kano sun dame shi da zancen wasannin labari, irin waɗanda mutum ke zaɓar jarumi ya riƙa rainonsa, yana tara makamai da ƙarfi. Sun ce masa yanzu kamfanoni sun ƙara musu damar a buga tare, abokai su haɗa kai su yaƙi na'ura. Yana so ya sayar da riɗin da ya ajiye, ya sayo PS5 da irin waɗannan wasanni, mutum huɗu su zauna a talabijin ɗaya ya ninka ciniki. Ya ce in ba shi shawara.

Ƙanena, samarin ba su yi maka ƙarya ba, rabin magana suka faɗa maka. Bugawa tare kala biyu ce. Akwai wadda mutane ke zama a benci ɗaya, kowa da pad ɗinsa, wato abin da ake riƙewa a hannu ana buga wasan, suna kallon talabijin ɗaya. Akwai kuma wadda kowa ke da tasa na'urar da nasa talabijin, intanet ce ke haɗa su. Ta farkon ce kaɗai za ta kawo maka kuɗi, ita kuwa ta biyun kamfanonin suka fi karkata gare ta, domin a can ribarsu take.

Dubi Elden Ring da kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2022, da Nightreign da ya biyo baya a 2025, wanda aka gina don mutum uku su yi yaƙi tare. Duka biyun ba a buga su tare a talabijin ɗaya. Mutum uku na nufin na'ura uku, talabijin uku, da kuɗin PlayStation Plus, wato rajistar da ake biya don buga wasa tare ta intanet, ga data. Diablo ma abin lura ne. Na uku, wanda ya zo PS4 a 2014, mutum huɗu ke buga shi a allo ɗaya ba tare da intanet ba. Na huɗu da ya fito a Yunin 2023, an ƙara masa kaya iri-iri, amma mutum biyu kawai ke zama tare, kuma ko kai kaɗai ne sai da intanet yake tashi. A garin da sai an fita bakin titi ake samun sabis mai kyau, wannan kaya ne na ajiya.

Yanzu mu buga lissafi da farashinka. Wasan minti goma, in an haɗa da zaɓen ƙungiya da gardamar wa zai ɗauki Madrid, za ka samu kamar biyar a awa. N1,000 ke nan a talabijin ɗaya. Wasan labari ba ya ƙarewa a minti goma, don haka lokaci za ka sayar, kuma kan kowane pad. A ce N150 rabin awa. Mutum huɗu a awa ɗaya N1,200, ka ɗan ɗara ƙwallo. Mutum biyu N600, ka yi asarar N400 a kowace awa, fetur kuwa bai san yawan mutanen da ke benci ba. Kai da kanka ka san yadda litar take tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, kuma PS5 ta fi PS4 jan wuta in wasa ya yi nauyi. To, duk wasan da mutum biyu kawai ke zama a kansa ka cire shi daga lissafi, sai in za su biya ninki.

Wannan ya haɗa da Baldur's Gate 3, wanda nake zaton shi samarin suka fi ambata maka. Kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya yi shi, ya zo PS5 a Satumban 2023, ba ya hawa PS4, kuma ana raba allo gida biyu. Wasa ne mai kyau ga mai zaman gida. Amma Turanci ne jibge a ciki, a karanta a zaɓi amsa, yaƙin kuma bi da bi ake yi kamar dara. Yaron da ya shigo da N200 ɗin da ya samu a dakon kaya ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ba zai biya don ya zauna karatu ba. Sannan akwai tsiraici a cikinsa. Shi ma Diablo, sunan kansa Shaiɗan yake nufi da Sifaniyanci, cike yake da dodanni da jini. Uba ɗaya ya leƙo ya gani, kafin Magariba magana ta kai wurin mai unguwa, wataƙila har Hisba. Gidan gem a ƙauye da haƙurin iyaye yake rayuwa, kuma dama ba son sa suke yi ba.

Akwai wata matsala da ba a gani sai an fara. Mai ƙwallo in ya tashi ya tashi. Mai wasan labari yana barin jaruminsa a cikin na'urarka, ya kwana bakwai yana tara masa takubba. Ranar da wani yaro ya shiga ya sayar da kayan ko ya goge ajiyar, rigimar a kanka za ta ƙare. PS4 na ɗaukar sunayen masu amfani har 16, sai ka buɗe wa kowane kwastoma na kullum nasa, kuma kai kaɗai ke shiga wurin ajiya. Alherin abin shi ne wanda jaruminsa ke wurinka ba ya komawa gidan gem ɗin wani.

Ga abin da zan yi da ni ne. Riɗi ya zauna a buhunsa. PS4 ɗinka tana ɗaukar pad huɗu, don haka abin da kake buƙata pad biyu ne ƙari da faifai ɗaya na hannu. Ka nemi Minecraft Dungeons na 2020: mutum huɗu a allo ɗaya, babu dogon karatu, babu abin da za ka ji kunya in dattijo ya shigo. In ka je Kano, kar ka biya sai mai shagon ya kunna shi a gabanka da pad huɗu, intanet a kashe. In ya ce sai an sauke ƙarin wani abu, a sauke a shagonsa, a kan na'urarka, don haka ka tafi da ita.

Ka ware masa talabijin ɗaya a lokacin da ciniki ke sanyi, tsakanin hantsi da Azahar, ka bar yamma da ranar kasuwa ga ƙwallo. Ka sayi littafi mai shafi 40, kullum ka rubuta mutum nawa suka zauna, minti nawa, nawa suka biya, fetur nawa ya tafi. Ka yi wata biyu, kuma lallai ɗaya ya zama bayan 'yan hutun sun koma makaranta, don su ne suka kawo maganar, ba su ne za su riƙe maka shago ba. In a watan na biyu bencin na cika da mutum huɗu, ka sake rubuto mini da littafin a hannunka, mu duba ko talabijin na uku ya kamata ka fara saya ko sola.